Kira ga masu a-kori-kura da kanikawan Gombe kan wutar cek

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida in yi magana da masu motocin a-kori-kura, da dillalan mota, da kuma 'yan'uwana kanikawa, musamman mu na nan Gombe. Sana'ata wayarin ɗin mota, kuma ina cikinta tun zamanin kafireto har muka iso wannan lokaci da sai an jona kwamfuta kafin mota ta faɗi abin da ke damun ta. Yanzu kaka ta shigo, duk wata tsohuwar Hilux mai sauran numfashi an fito da ita tana jigilar masara da wake da shinkafa daga Kumo da Dukku da Dadin Kowa zuwa Tudun Hatsi. A cikin waɗanda ake kawo mini, abin da ido ya fi gani shi ne guntun baƙin salatif manne a kan mita, daidai inda wutar cek take. Wani ma hoton yaronsa ko sitika ya liƙa a wurin. Idan na tambaya sai direba ya ce, "Oga, ai tun da muka sayo ta haka take, kuma lafiyarta ƙalau." Alhali abin da ya kawo shi gareji shi ne mota ba ta ja kuma tana shan mai.

Wannan 'yar wuta mai launin ruwan ɗorawa ita kaɗai ce hanyar da kwamfutar inji ke da ita ta sanar da direba cewa ta ga wani abu ba daidai ba, kuma mu uku muka haɗu muka toshe mata baki: mai mota da ba ya son kashe kuɗi, dillali da ke son ciniki ya faɗa, da bakanike da ke goge lambar matsalar da kwamfuta ta ajiye ya karɓi kuɗin aiki.

Zan soma da dillalai, don nasu ya fi muni. Duk motar da ke da wutar cek, idan ka murɗa makulli mita ya kawo wuta amma ba ka tayar da inji ba, dole wutar ta kama tare da ta bakin mai, wato man inji, da ta batir. Idan inji ya tashi sai su mutu. Motar da ka murɗa makulli wutar cek ba ta kama ba sam, to an cire mata ƙwai ne ko an yanke waya ko an toshe ta daga ciki. Wannan tsohuwar dabara ce, masu saye da yawa sun gane ta, shi ya sa aka ƙirƙiro sabuwa. Yanzu ana haɗa ƙwan wutar cek da wayar wutar bakin mai, su kama tare su mutu tare, mai saye ya ga komai tsaf. Na kwance mitoci na ga wannan aiki da idona, an yi shi da gwaninta har da dalma. Maganinsa ba wuya: inji yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, ka sa a zare soket ɗin sensar iska da ke kusa da gidan iyakilina. Inji zai canza murya ko ya mutu, kuma wutar cek ta gaskiya za ta kama. Idan ba ta kama ba, ka riƙe kuɗinka, ko Kwatano aka ce motar ta fito jiya. Bakaniken da ya karɓi kuɗi ya yi wannan haɗin ya sani cewa da shi aka cuci bawan Allah, kuma zai amsa tambaya.

Su kuma direbobi, da yawa ba su bambanta wutar da ke cewa "ka kai ni gareji idan ka sauke lodi" da wadda ke cewa "tsaya nan take". Jar wuta ba a wasa da ita. Wutar bakin mai, mai siffar 'yar buta, ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tura shi take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa sosai. Idan ta kama kana tafiya, ko a tsakiyar dajin Alkaleri ne, ka sauka gefen titi ka kashe inji. Tazarar da kake cewa "bari mu ƙarasa gari" ita ce ke buga inji. Wutar batir kuma tana nufin altaneta ta daina caji. Kafin ka ce batir zai kai ka gida, buɗe bonet ka duba fambel, domin a injina da yawa bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa. Idan ya tsinke, cikin 'yan mintoci allurar zafi za ta hau sama, a watan Afrilu kuwa da zafin Gombe ke haura digiri 40 ba ka da ko waɗannan mintocin. Idan bel yana nan, a auna kan batir da mita inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Ita wutar cek iri biyu ce. Idan ta kama ta tsaya cak, kuma mota ba ta canza tafiya ba, za ka iya ƙarasawa ka sauke kaya sannan ka nemi gareji. Idan kuwa ƙyaftawa take yi, a motar fetur wannan na nufin wani silinda ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana ci a can, yana narkar da indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Mota za ta riƙa karkarwa, ka ji warin fetur a hayaƙi. A nan sai a sassauta totur a nemi wurin tsayawa mafi kusa.

Yanzu in juyo gidanmu. Tun 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasarta tsarin da ake kira OBD-II, wato soket guda mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari da lambobi iri ɗaya ga kowane kamfani. Turai ta biyo baya, motocin fetur a 2001, na gas bayan 'yan shekaru. Shi ya sa yau da 'yar na'urar da ba ta kai akwatin ashana biyu ba da wayar hannu, yaro zai iya karanta lambar mota. Wannan ci gaba ne, ban ƙi shi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake amfani da lambar. A jona sikana, wato na'urar karanta lambar, ta nuna lamba, a karanta sunan sensar da ke jikin bayanin, a ce wa mai mota je ka sayo. Lamba kuwa kamar kukan jariri take: ta tabbatar maka akwai damuwa, amma ba ta faɗa maka yunwa ce ko ciwon ciki ko cinnaka ne a cikin zani. Sai ka duba.

Ga misali daga abin da ya wuce ta hannuna. Wani bawan Allah mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye ya kawo Hilux mai injin fetur 2.7, irin 2TR ɗin nan da suka fara fitowa wajen 2005. Kukansa shi ne idan ya tsaya a danja inji yana rawa kamar zai mutu, kuma wutar cek ta ƙi tafiya. Lambar P0171 ce, ma'anarta kwamfuta tana ganin iska ta rinjayi fetur. Kafin ya iso wurina an sa shi ya sayi sensar salansa, an canza fulogi huɗu, an wanke nozul, har ana maganar famfon mai. Ya zube mini tsofaffin kayan daga cikin leda a kan benci, ya ce, "Malam, duk waɗannan an ce su ne." Ban taɓa sufana ba tukuna. Na shiga ɓangaren sikana da ke nuna abin da inji ke yi a lokacin, na duba yawan fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa don ta cike giɓi. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi, kuma kwamfuta tana ɗan ƙari ko ragi don ta riƙe wannan. Lafiyayyen inji ƙarin ko ragin ba ya cika wuce kashi 10 cikin ɗari. Wannan a silo yana sama da 20. Na ce wa yarona ya taka totur ya riƙe. Sai lambar ta sauko ta dawo kusan daidai.

Wannan saukowar ita ta ba ni amsa. A silo iskar da inji ke ja kaɗan ce, don haka 'yar ɓarauniyar iska da ke shiga ta wata kafa ba tare da sensa ta ƙirga ta ba tana da tasiri babba. Idan aka taka totur iska ta yi yawa, sai 'yar ɓarakar ta ɓace a ciki. Da famfon mai ne ya gaji ko filta ta toshe, akasin haka za a gani: a silo lafiya, sai an nemi ƙarfi ƙarin ya hau. Na sa hannu ƙarƙashin babbar robar da ta taso daga iyakilina zuwa bakin totur, na lanƙwasa ta. Ga tsaga a cikin lanƙwasar, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, gefenta ya yi fari da ƙura. Zafi da shekaru sun busar da robar. Kuɗin robar bai kai rabin kuɗin sensar da aka sa shi ya saya ba, kuma sensarsa ta asali da aka cire lafiyarta lau, ita ce ma ta faɗi gaskiya aka hukunta ta. Na mayar masa da ita, domin sabuwar da aka sayar masa jabu ce.

Haka lambar misin take, wato idan silinda ya ƙi ƙona mai. P0301 zuwa P0304 suna nuna silinda na ɗaya zuwa na huɗu. Idan aka ga P0302, ba sai an sayi koyil huɗu masu ba fulogi wuta ba. A ɗauke koyil na biyu a musanya da na uku, a tayar a zaga. Idan lambar ta koma P0303, koyil ne. Idan ta tsaya a na biyu, a musanya fulogi, sannan nozul, sannan a auna kwamfureshan. Aikin rabin awa ne kuma ba a sayi komai ba. Amma wa zai tsaya? Mai mota yana tsaye a kanka yana duba agogo, gobe kasuwar Kumo, shi kuma mai shagon kayan gyara yana ba da la'ada.

Sai maganar gogewa, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ana karɓar kuɗi a danna maɓalli wuta ta mutu, mai mota ya tafi yana godiya. Waɗanda ba su da sikana kuma su cire kan batir na ɗan lokaci. Mutane ba su san abin da ake zubarwa ba. Lokacin da kwamfuta ta kama matsala, tana ajiye bayanin yanayin da inji ke ciki a daidai wannan lokaci: gudun mota, juyin inji, zafin ruwa, nauyin da yake ja. Matsalar da ba ta zuwa sai ana hawan tudun Tula da lodi, wannan bayanin kaɗai ke gaya wa bakanike inda zai nema, tunda a gareji mota ba za ta nuna halinta ba. Ka goge, ka zubar da shaida. Kuma matsaloli da yawa kwamfuta ba ta kunna musu wuta sai ta gan su a tafiya biyu a jere, shi ya sa wutar ke dawowa bayan kwana ɗaya ko biyu, mai mota ya ɗauka sabuwar matsala ce. Idan gyara ya yi da gaske, ko ba a goge ba wutar kan mutu da kanta bayan tafiya uku lafiya.

Mai shirin sayen mota ya riƙe wannan: bayan an goge lamba, akwai gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta da ke komawa "ba a kammala ba", kuma ba sa cika sai an yi tafiya mai ɗan tsawo. Sikana tana nuna su. Motar da aka ce kullum tana kan hanya amma gwaje-gwajenta duk ba su cika ba, ko an cire batirinta kwanan nan ko an share wani abu kafin ka iso. Ka tambaya.

Akwai kuma abubuwan da mu da hannunmu muke yi wa waɗannan motoci sannan mu zo muna mamakin wuta. Na farko tamostat. Da mota ta iso arewa, abin da ake fara yi a cire shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Motocin nan ana sayar da su a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu, kuma can ba su fi mu sanyi ba. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, a Toyota yakan fara buɗewa wajen digiri 82. Idan babu shi, a tafiyar asuba cikin hunturu inji ba ya ɗumama, sensar ruwa tana gaya wa kwamfuta har yanzu da sanyi, ita kuma tana ta ƙara fetur. Fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin bakin mai, lambar P0125 ko P0128 ta fito. Abin mamaki, a injinan da tamostat ke rufe wata 'yar hanyar ruwa ta ciki idan ya buɗe, cire shi yana barin wani ɓangare na ruwan yana zagawa ba tare da ya bi ta lagireto ba, sai ka ga motar da aka cire wa don gudun zafi ita ke zafi a kan tudu. An gudu gara an faɗa gidan zago. Motar da ke zafi, a duba lagireto ko ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya da muke ɗurawa, a duba marfinsa, a duba kulocin fanka.

Na biyu indomi. Saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa akwai masu bi gareji-gareji suna saye, kuma an sha fasa na mutum ba da saninsa ba a ce masa ya toshe. Gaskiya ne yana toshewa, kuma idan ya toshe mota ba ta ja, tana shaƙewa idan an taka. Amma ba ya toshewa haka kawai, misin ne ko cin bakin mai ko yawan fetur ke kashe shi, kuma wannan ciwon yana nan bayan an fasa. A motocin da ke da sensa ta biyu a bayansa, fasawar na jawo P0420 ta zauna daram. Daga ranar wutar cek ba za ta sake mutuwa ba, don haka ranar da wata babbar matsala ta taso direba ba shi da yadda zai sani, tunda wutar dama a kunne take. Yawancin baƙin salatif ɗin da nake gani daga nan ya samo asali.

Na uku ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, motar da ke bin hanyoyin ƙauye marasa kwalta tana shaƙar ƙurar da ba a misaltawa. Ana cire iyakilina a buga ta a jikin taya, ko a hura ta da iskar mai faci har takardar ta yage, a mayar. Ƙurar da ta wuce tana manne wa siririyar wayar da ke cikin sensar iska, sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da wadda ke shiga, mota ta yi nauyi. Ana wanke wannan sensa da feshin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe, ba a taɓa wayar da komai. Na ga an wanke ta da fetur da buroshin haƙori. Bayan haka kam sai sabuwa.

Man da muke sha ma yana da nasa. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa aka koma dogon layi. Wancan ya wuce, amma man jarka na gefen hanya yana nan, wani da ruwa, wani da kananzir. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki sannan ta ci gaba da hawa, direbobi sun koma sayen mai kaɗan-kaɗan, allura kullum a kan ja. Ban ga laifinsu ba, aljihu ne. Amma famfon mai yana cikin tanki ne kuma man ne ke sanyaya shi, sannan duk dattin tanki a ƙasa yake taruwa. A wannan tsadar, motar da ke zubar da ko lita biyu a kowace tafiya saboda tamostat da aka jefar ko sensa mai datti, a wata guda ta cinye kuɗin gyaran har da riba.

Masu injin gas, wato D-4D irin 2KD mai 2.5 da 1KD mai 3.0, nasu ya fi tsada idan aka yi sakaci. Akwai wutar filtar mai. Idan tana ƙyaftawa, a wasu har da ƙara, ruwa ne ya taru a gindin filta, a tsaya a kwance 'yar kusar ƙasa a tsiyaye shi a buga famfon hannu da ke sama. Minti biyar ne. Wanda ya share, ruwan zai wuce zuwa famfo da nozul da ke aiki da ƙarfin da ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, kuma nozul ɗaya na waɗannan ya fi buhunan masara da yawa. Saboda wannan ƙarfin ne ma nake gargaɗin yara masu koyo: dabarar da muka saba a tsohon injin 5L, ta sassauta bututun nozul inji yana aiki don a gane silindan da ba ya ci, ba a yin ta a nan. Man yana iya huda fata. Idan irin wannan mota ta riƙa yanke ƙarfi a kan hanya, wutar cek ta kama, ka kashe ka tayar ta dawo daidai, kwamfuta ce ke rage ƙarfi da gangan don ta kare inji. Sau da yawa filta ce ta toshe, ko wani ɗan bawul da ke jikin famfo mai daidaita man da ke shiga, wanda ake canzawa shi kaɗai ba tare da an sayi famfo sukutum ba. Wutar da aka rubuta T-BELT kuma ba lalacewa take nunawa ba, ƙirge ne, tana kamawa a kilomita 150,000 don a canza bel ɗin taimin. Ana iya kashe ta da maɓallin mita ba tare da an canza komai ba, kuma ana yi. Ranar da bel ɗin ya tsinke, fistin da bawul za su gaisa. Su 1KD kuma suna da wani ciwo sananne: washar da nozul ke zama a kai tana sakin hayaƙi cikin bakin mai, baƙin gawayi ya taru ya toshe rariyar da famfon bakin mai ke zuƙa ta ciki. Duk mai irin wannan inji da ya ga wutar bakin mai tana jinkirin mutuwa da safe, kada ya jira.

Tsofaffin da suka girmi soket mai ramuka 16 ma suna magana, sai dai an daina koya wa yara yarensu. A Toyota ta wancan zamani akwai ɗan akwati a cikin bonet. Ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli, wutar cek za ta riƙa ƙyaftawa kana ƙirgawa. Biyu, ɗan shiru, sannan biyu, 22 ke nan, layin sensar zafin ruwa. 21 sensar salansa, 25 iska ta rinjayi mai, 41 sensar totur. Ba sikana, ba kuɗi. Wasu Hilux ɗin da aka yi don kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa kuma suna da soket ɗin amma ƙananan na'urorin waya ba sa iya magana da su. Na'ura ta ce ba ta ga komai ba, yaro ya ce wa mai mota kwamfutarsa ta mutu, a tafi neman wata a Kano ko Legas, alhali na'urarsa ce ba ta jin yaren.

Kada kuma a ɗauka rashin wuta lafiya ce. Kwamfuta ba ta ganin kulocin da ya cinye, wanda inji ke ihu mota ba ta gaba. Ba ta ganin birkin da ya riƙe, sai ka taɓa wili ka ji zafi. Ba ta ganin tayar da ba iska. Ba ta kuma ganin buhu talatin a kan motar da aka ƙera don ɗaukar kusan tan ɗaya, ga fasinja a saman buhunan. Buhun masara kilo 100 ne, lissafin ba wuya. Mai irin wannan lodin idan ya ce mini mota ba ta hawa tudun Kaltungo, nakan ce masa Alhaji, ita ma tana da haƙƙi a kanka.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ta kanikawa, NATA, a jiha shi ne su sa doka a tsakaninmu kan cire ƙwan wuta da haɗa shi da wata waya, da kuma fasa indomi ba da izinin mai mota ba, a hukunta duk wanda aka kama. Hukumar bunƙasa harkar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, tana shirya horo kan gyaran motocin zamani, muna so a kawo shi kusa, a yi shi da Hausa, a haɗa kai da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Gombe da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaltungo, a yi shi da yamma ko ranar da gareji ba cunkoso, domin bakanike ba zai rufe shago mako biyu ba. Yaranmu suna da kai, wayar hannu ma sun fi mu iya ta. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zaunar da su ya nuna musu yadda ake karanta abin da ke bayan lamba, da yadda ake riƙe mita a auna waya kafin a yanke wa sensa hukunci.

Masu mota kuma, idan aka jona muku sikana, ku sa a rubuta muku lambar a takarda ko ku ɗauki hotonta da waya kafin a goge. Ku tambayi wane gwaji aka yi da ya nuna kayan da za ku saya shi ne ya lalace. Ku karɓi tsohon da aka cire ku ajiye har sai kun ga wutar ba ta dawo ba. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, kuma ku ma ku daure ku biya kuɗin bincike ko da ba a kwance ko kusa ɗaya ba, domin rashin biyan wannan ne ke sa da yawa daga cikinmu neman abincinsu a wajen sayar muku da kaya.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kai direbobinmu gida lafiya.

Naku,
Wani mai wayarin ɗin mota,
Gombe.